Tsohuwar Motar Ingila a Gidan Gado: Yadda Ake Bin Asalinta, a Tayar da Ita

A garuruwa irin su Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, idan ka shiga tsofaffin gidajen sarauta, ko na attajiran da suka yi zamanin cinikin gyaɗa, wani lokaci za ka tarar da mota a kwance a wani lungu. An jingina mata tsofaffin kwanon rufi, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Yaran gidan sun san ta da "motar marigayi", amma ba su taɓa jin ƙarar injinta ba. Idan ka share ƙurar gabanta ka ga an rubuta Humber, ko Rover, ko Jaguar, ko Daimler, ko Austin, ko ka ga haruffan nan biyu na Rolls-Royce, ko harafin B mai fukafukai na Bentley, to da kai nake magana.

Darajar irin wannan mota tana cikin abu biyu: sanin hannayen da ta bi, da kuma kayanta na asali da suka rage a jikinta. Shekara arba'in tana kwance ba ta rasa waɗannan ba, amma mako biyu a hannun mai gaggawa sun isa ta rasa su duka. A cire injinta a dasa na Toyota, a yayyage kujerun fata a ɗinka na leda, a lafta mata fila da fenti mai ƙyalli, a jefar da tsohuwar lamba. Motar za ta yi tafiya, amma abin da ya sa ake son ta ya riga ya tafi. Dubi tsohuwar Rolls-Royce mai launin shuɗi ta fadar Kano, wadda mutane suka saba ganin marigayi Sarki Ado Bayero a cikinta a zamanin sarautarsa, daga 1963 zuwa 2014. Akwai motocin da suka fi ta gudu da sanyi da tsada a cikin birnin, amma idan ta fito ita ake kallo, domin an san gidan da ta fito, kuma an bar ta da kamanninta.

Ta wa ce?

Kafin a kira makaniki, a zauna da magada. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ke jawo rigimar da ta fi kowace daɗewa. Mota tana kwance ba mai kula da ita, ranar da wani ɗan gidan ya kashe kuɗinsa ta tashi tana sheƙi, ranar kowa zai tuna yana da rabo a ciki, kuma gaskiyarsa ce, yana da shi. Idan ba a raba gadon ba, motar ta dukkan magada ce, har da mata da marayu da waɗanda ke zaune a wani gari. A yi mata kuɗi yadda take a kwance, wanda ke son ta ya biya sauran haƙƙinsu, ko a sa ta cikin rabonsa, a rubuta, shaidu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya sani. Inda akwai maraya ko wanda bai yarda ba, a kai gaban alƙali. Takardar nan ita ce shafin farko na tarihin motar a hannunka.

A gidan sarauta akwai ƙarin tambaya. Motar ta marigayin ce da ya saya da kuɗinsa, ko ta En'e ce da aka ba shi domin aiki, ko kuwa tana cikin kayan sarauta da ke bin kujera? Zamanin En'e manyan ma'aikata da hakimai kan sami bashin sayen mota a riƙa cira daga albashi, irin wannan ta zama tasu. Wata kuwa hukuma ce ta saya, sunan mutum bai taɓa hawa takardarta ba. Bambancin yana da girma a shari'a, kuma tsofaffin fada sun san amsar.

Lamba, takardu da bakin tsofaffi

Sai a nemo lambar casis. Buɗe bonet ka duba bangon da ya raba inji da wurin zaman direba, galibi akwai ɗan allon ƙarfe da aka buga lambar a kai. A motocin da ke da firam daban da bodi, an kuma buga ta a jikin firam ɗin kansa. Inji ma yana da tasa lambar. Kada a kankare wurin da wuƙa ko sanfefa. A shafa kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge, a ɗauki hoto, a kuma rubuta da hannu. Lambobin nan suna magana. A Rolls-Royce Silver Shadow ta farko-farko, wadda aka fara ƙerawa a 1965, za ka ga haruffa uku kafin lamba, misali SRH: harafi na biyu idan R ne Rolls-Royce ce, idan B ne Bentley ce, na uku kuwa H na nufin sitiyarinta a dama yake tun daga masana'anta, X na nufin hagu. A waɗanda suka girme ta, irin su Silver Cloud, harafin L a farkon lamba shi ke nuna mai sitiyarin hagu.

Da wannan lamba za ka rubuta wa masu ajiye kundin masana'anta a Ingila. Na Rolls-Royce da Bentley na da, ƙungiyar Rolls-Royce Enthusiasts' Club ce ke riƙe da katunan ƙira. Na Jaguar da Daimler suna wurin Jaguar Daimler Heritage Trust. Na Rover da Land Rover da Austin da Morris suna gidan tarihin motoci na Gaydon. Na Humber, wadda kamfanin Rootes ya ƙera, akwai Rootes Archive Centre Trust. Ana biyan kuɗi, su aiko da takardar shaida ko kwafin kati. A ciki ake samun ranar da aka gama motar, launinta na asali, launin fatar kujeru, lambar injin da aka sa mata, dilan da aka aika wa, wani lokaci har sunan wanda ya fara sayen ta. Idan lambar injin da ke cikin motarka ta yi daidai da ta katin, ka riƙe babban abu.

Daga nan sai ɓangaren gida, wanda ya fi wuya. A tuna cewa sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, saboda haka takardun motar da aka yi wa rajista kafin nan za su nuna Jihar Kano, waɗanda suka girmi 1967 kuwa Lardin Kano na Jihar Arewa. Mutanen Babura su lura cewa kafin a kafa masarautar Ringim a 1991 ƙasarsu tana ƙarƙashin masarautar Kano ne, don haka abin da ya shafi motar hakimi a can sai a bi ta takardun En'en Kano, alhali Kazaure tana da tata En'en. Rasit ɗin da aka rubuta da fam da sule ya girmi 1 ga Janairun 1973, ranar da naira ta shigo. Sitiyari a dama kuma yakan nuna motar ta shigo kafin 2 ga Afrilun 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, ko da yake wasu sun ci gaba da shigowa da irinsu daga Ingila bayan haka.

A bincika akwatunan ƙarfe da adakoki na marigayi: tsohon lasin, takardar inshora, rasit na kwastan, wasiƙun dila, littafin sabis. A duba aljihun gaban motar da ƙarƙashin kujeru da wurin ajiye safaya taya. Duk abin da aka samu, ko tikitin shan mai ne, a ajiye. Tsohuwar lambar mota kada a yar da ita ko da ta lanƙwashe. Wanda ke da hali ya leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke, da Arewa House, da hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a Kano. Tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da hotunan naɗin sarauta da na tarbar baƙi da ke rataye a zauruka, sukan nuna mota da lambarta a fili.

Amma duk takardun nan ba su kai tsohon direba ba. A fada Sarkin Mota ne, a gidan attajiri kuwa wani dattijo ne da yanzu ƙila yana zaune a bakin masallaci ba mai tambayarsa komai. Shi ya san ranar da aka ɗauko ta, da wanda ya koya masa tuƙa ta, da ramin da ya karya mata sifirin a hanyar Daura, da dalilin da ya sa aka jingine ta. Wannan na ƙarshen ya fi komai amfani ga makaniki: motar da aka ajiye don mai ita ya rasu daban take da wadda aka ajiye don injinta ya buga. Je masa da goro da ladabi, ka zauna a ƙasa, ka ce, "Baba, labarin motar nan na zo ji daga bakinka." Ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa a waya. Kada ka katse shi idan ya ratse zuwa labarin wani hawan salla, domin a cikin ratsen ake tsintar shekara da sunan gari. Abin da ya gani da idonsa a rubuta shi daban, abin da aka gaya masa daban. Kowace tsohuwar mota a ƙasar nan akwai mai cewa Sarauniyar Ingila ta shige ta a ziyarar 1956, ko Sardauna ya hau ta. Idan katin masana'anta ya nuna an ƙera ta a 1962, labarin Sarauniya ya faɗi, kuma ba daidai ba ne a ci gaba da yaɗa shi don a ƙara mata kuɗi.

Fito da ita

Kafin a motsa ta a ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, ciki da waje da ƙarƙashi, yadda aka same ta. Sannan a cire ƙananan abubuwan da ke saurin ɓacewa a kulle su a ɗaki: tambari, murfin wili, agogo, rediyo, akwatin sifanu, da mutum-mutumin nan na kan hancin Rolls-Royce da aka fara sawa a 1911. Wasu gidajen sun daɗe da cire shi saboda ba sa son sura. Idan haka ne a tambayi inda aka ajiye shi, ba dole a mayar da shi kan motar ba, amma ya zauna tare da takardunta.

A buɗe ƙofofi a hankali, a kuma yi tsammanin maciji da kunama da gidan rina. Kada a ɗaura igiya a bamba a fizga da tarakta. Birki yakan manne bayan shekaru, sai a ɗaga ta da jak, a kwance kowace ƙafa, a sa tayoyin aro masu riƙe iska, a tura ta da hannu zuwa kan motar ɗaukar mota. Silver Shadow tana da nata sharaɗin na musamman. Nauyinta ya haura tan 2, birkinta kuma da matsin mai yake aiki, wanda inji ke tarawa, saboda haka idan inji ba ya aiki kusan babu birki. Janye ta da igiya a gangaren duwatsun Roni ko na Kazaure ganganci ne da rai. Sandar giyarta ma da lantarki take aiki, idan babu batir ba za ta fita daga P ba.

Yanayinmu yana da rangwame da kuma cutarwa. Bushewar ƙasar nan tana kare ƙarfe, shi ya sa motar da ta kwanta a Gwiwa takan fi wadda ta kwanta a Legas ko Ingila lafiyar firam, domin can danshi da gishiri ke cin ta. Mu namu maƙiyan su ne rana da ƙurar hunturu da gara da ɓeraye. Rana ta ƙona fata da roba, ƙura ta shiga ko'ina, ɓera ya ci wayoyi ya yi sheƙa a cikin kujera. Tsatsa kuwa a nemi ta inda ruwan damina ke kwanciya: ƙasan but, ƙarƙashin darduma, gindin ƙofofi, da duk gefen da ya jingina da ƙasa.

Inji

Kada a sa batir a murza makulli "don a ji ko za ta tashi". Wannan jarabar ita ce ta fi lalata injuna. Baƙin man da ke ciki ya zama kwalta, ringi sun manne a jikin silinda, murzawa ɗaya ta isa ta karya su ko ta kankare bango.

Ga yadda ake bi. A cire fulogi duka, a zuba ɗan man giya na atomatik gauraye da kananzir a kowane rami, a bar shi mako ɗaya ko biyu. Sannan a sa sifana a kan babban notin gaban inji a gwada juya shi da hannu, gaba kaɗan, baya kaɗan. Idan ya ƙi, a ƙara mai a ƙara haƙuri, kada a sa dogon bututu a danna da ƙarfi. Idan ya juya, a sauke kaskon mai na ƙasa a wanke shi, a duba abin da ya taru a ciki. Laka baƙa ba komai ba ce, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli yana nufin sai an yi garambawul. A canja matatar mai, a zuba mai kauri irin 20W-50, wanda injunan wancan zamani suka fi so. A sauke tankin fetur a wanke, a canja duk bututun roba. Kafireton SU da yawancin motocin nan ke da shi mai sauƙin sha'ani ne, yana da ɗan murfi a sama inda ake ɗiga mai kaɗan, kuma ana samun kayan gyaransa har yau. Ba dalilin cire shi a sa na wata mota.

Kafin a haɗa batir a tabbatar da wane kai ne ke zuwa jikin mota. Motocin Ingila da yawa da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1960 kan batir mai alamar + ne ke zuwa bodi, akasin abin da rewaya na yau ya saba. A kuma bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, domin na da an naɗe su da zare da roba, kuma inda ɓera ya ci, nan wuta ke tashi. Ranar da za a fara tayar da ita a tanadi abin kashe gobara a kusa, a fitar da ita daga rumfa.

Maganar ruwa tana da muhimmanci ƙwarai. Injin V8 na Rolls-Royce, wanda ya fara da Silver Cloud II a 1959, na alminiyon ne, haka ma kan injin Jaguar. Ruwan rijiya ko na burtsatse zalla yana cin alminiyon daga ciki, ya toshe lagireto. A kai lagireton a wanke shi ko a sake masa ciki, a riƙa zuba ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. A zafin watan Afrilu na ƙasar nan, lagireto mai rabin toshewa zai ƙona gaskit kafin ka kai Ɗambatta daga Kazaure. Fetur kuma ya canja: tun farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina sayar da mai dalma. Injuna masu kan alminiyon galibi ba su damu ba, amma masu kan baƙin ƙarfe, irin na Humber da Austin, suna buƙatar a sa musu mazaunin bawul mai tauri idan an buɗe su, ko a riƙa ƙara maganin da ke maye gurbin dalmar.

Wani abu da ke ba makanikanmu wahala shi ne noti. Sifanun garejinmu na milimita ne, motocin nan kuwa na inci ne, tsofaffin ciki ma ma'aunin Whitworth suke bi. Sifanar da ta kusa daidai ita ke cinye kan noti. A sayi saitin da ya dace tun kafin a fara, kuma duk notin da aka kwance a sa shi a leda a rubuta inda ya fito.

Birki

A nan ba a tsimi. Duk robar da ke cikin birki a canja ta, duk bututun da ya yi tsatsa a sake shi. Ƙurar tsohon birki tana iya ƙunsar asbesto mai cutar huhu, don haka kada yaron gareji ya hura ta da baki ko da iska, a jiƙa a goge. Ga Silver Shadow, man da aka yi tsarinta da shi shi ne RR363. Silver Spirit da ta gaje ta a 1980 kuma wani koren mai take sha, na daban. Idan aka zuba na wannan a waccan, robobin tsarin gaba ɗaya za su kumbura su lalace, gyaran kuwa ya fi na inji tsada. A karanta abin da aka rubuta a murfin tankin man, a kuma rubuta shi da manyan baƙaƙe a manna a wurin saboda gaba. Taya ma a sayi sababbi masu girman da littafin motar ya faɗa. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba, ta bushe.

Bodi, katako da fata

Tambayar da za a fara amsawa ita ce: gyara za a yi, ko adanawa? Motar Janar Murtala Muhammed, Mercedes ɗin da aka harbe shi a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, tana gidan tarihi na ƙasa a Legas da ramukan harsashinta, kuma ba mai hankalin da zai ce a cike su. Motar gidanku ba ta kai nan ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Fentin asali da ya dushe, idan bai ɓare ba, a wanke shi a goge shi da man goge fenti a bar shi. Lotsawar da direba ya ba ka labarinta tarihi ce. A ra'ayina abin da ya kamata a sabunta shi ne abin da ke hana motar tafiya lafiya, ko wanda zai ci gaba da lalacewa idan an bar shi.

Idan fenti ya zama dole, launin asali yana ɓoye a ƙarƙashin robar ƙofa ko bayan allon cikin but, inda rana ba ta kai ba, katin masana'anta kuma zai faɗi sunansa. A bi jikin motar da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, ko dai an taɓa cika wurin da fila, ko kuwa alminiyon ne, domin ƙofofi da bonet da murfin but na Silver Cloud da Silver Shadow na alminiyon ne. Mai gyaran bodin da ya saba da ƙarfe, idan ya sa wa alminiyon wutar walda yadda ya saba, huda shi zai yi.

Waɗanda suka fi tsufa, irin Silver Wraith ta 1946 zuwa 1958, masana'anta inji da firam kawai take yi, sai kamfanonin ƙera bodi irin su Hooper da H. J. Mulliner da Park Ward da James Young su gina jikin, sau da yawa a kan ƙashin katako. To nan gara ke shiga. Daga waje motar lafiya lau, ka buɗe ƙofa sai ta sunkuyo, ka danna katakon da tsinke ya shige kamar cikin tuwo. Idan haka ta faru kada a ɓaɓɓake katakon a zubar. A ciro kowane guntu a hankali ya zama ma'auni, kafinta mai haƙuri ya sassaƙa irinsa da busasshen katako mai tauri irin maɗaci, a shafa maganin gara, a rubuta a kundin motar wane ne aka canja. Katakon ado na gaban direba kuwa ɓawo ne siriri aka manna a kan wani, sanfefa mai kaushi za ta cinye shi nan take.

Kujerun fatar shanu ne, yawanci daga kamfanin Connolly. Fatar da ta bushe ta tsattsage ba lallai ta mutu ba. A goge ta da ɗan tsumma mai laima da sabulu marar ƙarfi, a riƙa shafa man fata kaɗan-kaɗan na tsawon makonni, a fara gwadawa a wurin da ba a gani. Inda ta yage, baduku ya sa ƙyalle ta ciki ya haɗa. Muna da dukawa da majema a Kano da ba a raina hannunsu, sai dai fatar da aka fi sanin mu da ita ta awaki da tumaki ce, ta yi ƙanƙanta kuma ta yi laushi ga kujerar mota. Idan za a sake wani ɓangare a nemi fatar sa da aka jeme domin kujera, a bi ɗinkin asali layi-layi.

Makaniki, kaya da kuɗi

Nemi dattijon makanikin da ya yi aiki a kan kafireto da kwantak tun kafin zuwan motocin kwamfuta. Akwai irinsu a Kano da Kaduna, wasu sun bar aiki amma yaransu na nan. Alamar nagari ita ce ya ce maka sai ya ga littafin gyaran motar, kuma bai yi maka alƙawarin gamawa kafin salla ba. Ya fi kyau a kawo shi gida ya yi aikin a rumfa mai ƙofa, a kan a kai motar babban gareji inda za ta shekara a rana, kayanta na bin 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya. A rubuta yarjejeniya, a biya mataki-mataki, kuma duk abin da aka cire, ko ya lalace, a dawo maka da shi.

A Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna za a iya dacewa da boris da bel da bututu, amma kayan da suka keɓanta da motar sai an yi oda daga Ingila, wurin kamfanoni irin su Flying Spares da IntroCar na Rolls-Royce da Bentley, ko SNG Barratt na Jaguar. A sani cewa kamfanin Rolls-Royce na yanzu, wanda ke hannun BMW tun 2003, ba shi ke riƙe da kayan tsofaffin ba. Waɗanda aka ƙera a masana'antar Crewe ta ɓangaren Bentley ake bin kayansu. Ƙaramin ƙarfen da ba a samu ba, mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya fitar da irinsa, kuma ba laifi a tuntuɓi sashen injiniyanci na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure.

Da fam ake sayen kayan nan, don haka a yi lissafi da idon basira. Silver Shadow an ƙera fiye da 30,000, ba ta da wuyar samu a duniya, kuma sau da yawa kuɗin gyaranta yakan wuce kuɗin da za a saye ta. Wanda ya shiga don riba zai sha mamaki. Idan aljihu bai kai ba, a tsaya a matakin adanawa: a wanke ta, a ɗora ta a kan turaku tayoyi su bar ƙasa, a zuba mai a silinda, a sa maganin gara da na ɓera, a rufe ta da yadi mai shan iska a ɗaki mai daɓen siminti. Leda kada ta kusance ta, tana tara gumi. Motar da aka adana haka za ta jira wanda zai iya.

Idan Allah ya sa ta tashi, saura maganar hanya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗi cewa ƙa'idojin hanya ba su yarda da yawo da mota mai sitiyari a dama ba. Kada wannan ya sa a yanka motar a mayar da sitiyarin hagu, domin aikin yana ɓata asalinta, kuma idan an yi shi da walda a bakin titi haɗari ne. A je ofishin hukumar da na masu ba da lasin da takardu a hannu a nemi bayani a rubuce, a riƙa ɗaukar ta a kan babbar mota zuwa wurin biki. A tayar da ita duk bayan mako biyu ko uku har inji ya yi zafi sosai, a ɗan zagaya da ita a fili domin birki da giya su motsa. Kowane aiki da aka yi, da ranar da sunan wanda ya yi, a shigar da shi kundin nan da ya fara da takardar magada, a kuma ajiye kwafinsa a wani gida daban saboda gobara da ruwa.

Ina roƙon majalisun masarautun Kazaure da Ringim su sa hakimai su tattaro sunayen gidajen da ke da irin waɗannan motoci a ƙasashensu, da lambar casis da hoton kowace, a kuma naɗi muryar direbobin da suka rage. Magadan da suka yanke shawarar sayarwa kuma, don Allah kafin ku kira mai sikelin gwangwan, ku sanar da fada tukuna.